Ni Na Fara Nuna Maka Shirwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, kai mai sunan Malam. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Jos lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya sa ruwan can ya karɓe ka. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Na cusa takardar ƙarƙashin rigunan da na ɗinka maka, don na san ba za ka kai gindin akwatin ba sai ka isa. Da gangan na yi. Abin da ke ciki ba zan iya faɗinsa ina kallon idonka ba, kuma ka san tun da aka haife ka ban cika kallon idon naka ba. Rubutun ka yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne, hannuna ya fi sabawa da almakashi.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Yau da safe na gan ka a tsakar gida kana goge madubin hangen nesan nan da Bulus ya ba ka, kana hura masa iska kana shafawa a hankali, kuma da gefen sabuwar rigar da na ɓata idona wajen yi mata aiki kake gogewar. Rigar ta samu "an gode" guda ɗaya. Madubin kuwa har magana na ji kana yi masa. To bari in faɗa maka ba ɓoye-ɓoye: kishi nake yi. Ni Garba tela, da furfurata da komai, ina kishin malamin asibiti a kan ɗana, kuma ba yau na fara ba. Ga shi duk faɗin ƙasar nan, makarantar aikin gandun dajin da ka samu ba ta tashi faɗowa ko'ina ba sai ƙasar su Bulus, inda danginsa za su tarbe ka a tasha.

Kowa a gefen nan namu na Gummi cewa yake Bulus ne ya koya maka tsuntsaye. Kai ma haka kake cewa. To ni na fara nuna maka shirwa, ba ka dai tunawa ne.

Ka san a Gwashi na tashi, wurin kawunnaina Fulani, ina bin shanu. Yaron da ke kiwo in rana ta take ba shi da abin kallo sai sama. A can na san mikiya da ke tashi har ta zama ɗigo, na san gaggafa mai jan baki da jan ƙafa, wadda za ka rantse an yanke mata wutsiya, tana tafe tana karkata fiffike dama da hagu. Da na dawo gida na fara kiwon tattabaru sai sanin ya zama dole, don mai tattabaru ba ya tafiya da kai a sunkuye. Shirwa ɓarauniya ce mai surutu, tana shawagi tana fito kowa na ganinta, 'yan tsaki take so da hanjin da mahauta suka yar. Shaho ba ya sallama. Ta wajen rana yake fitowa, sai dai ka ga tattabaru sun dunƙule wuri ɗaya a sama, ka ji fat, gashi na saukowa.

Kana ɗan shekara uku na ɗauke ka zuwa gonar bakin gulbi, ranar da aka sa wa ciyawa wuta. Na duba gabas da yamma ban ga kowa ba, sai na ɗora ka a wuyana. Hayaƙi ya tashi, fara na tsalle, shirwa suka taru suna cafkewa a sama. Na ce maka ka dubi wutsiyarta, kamar bakin almakashina in na ɗan buɗe shi. Ka miƙa hannu kana ihu, "Akashi! Akashi!" kana dukan kaina da ɗayan hannun. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ana cikin haka sai ga Goggo Hauwa, ƙanwar mahaifina Malam, ta ɓullo daga hanyar gulbi da tulu a kanta.

Ta ce, "Garba! Ɗan hwari na bisa wuyanka? Mi kaka so mutane su ce?"

Na sauke ka da sauri har ka faɗi zaune, ka yi kuka, ban ɗaga ka ba. Ita ta ɗaga ka. Daga ranar na riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu, fiye da yadda aka ɗora mini. Ba na kiran sunanka, ba na zama inda kake, in ka shigo zaure sai in ƙara wa keken ɗinki gudu.

Shekarar da aka buɗe mana asibitin sha-ka-tafi aka turo Bulus, gidansa na kallon zaurena, wata rana shaho ya ɗauke mana farar tattabarar nan mai zobe a wuya. Ka shigo a guje, zaure cike da masu jiran ɗinkin sallah, ka ce, "Baba, wane tsuntsu na yaɗ ɗauke ta? Ba shirwa ba ce." Raina ya yi fari ƙal da ka gane ba shirwa ba ce. Amsar tana bakina, har da inda shahon ke kwana. Amma ga mutane. Sai na ce, ba tare da na ɗaga kai ba, "Tai ka tambayi wani." Ka tsallaka hanya ka tambayi wani. Shi ko ya ajiye abin da yake yi, ya shiga ɗaki ya fito da madubin nan da wani littafi mai hotunan tsuntsaye, ya kira sunanka gatsal, sunan da ni ban taɓa furtawa ba, ya ce ka zo ka gani.

Ban tsaya nan ba. Da yamma in ya zo gyaran wando sai in ce, "Bulus, jibi za a ƙona fadamar yamma, ka kai yaron nan ya ga shirwa." Ko in ce, "In kun ga ƙananan tsuntsaye sun taru kan tsamiya suna ta tsiwa da rana tsaka, ku duba cikin ganye, mujiya ce ke barci." Shi ya kai ka, shi ka riƙe wa hannu, shi ka dawo kana yabo. Innarka ta taɓa ce mini, "Malam, mutumen ga bai ɗauke maka ɗa ba. Kai kam miƙa mai shi, kuma kana hushi ya amsa."

Ga shawarata ta farko. Kunya ado ce, ban ce ka yar da ita ba, kuma in Allah Ya ba ka naka ɗan farin ka kiyaye idon manya. Amma ka sani Goggo Hauwa a bainar jama'a ta hana ni, ba ta bi ni gona kullum ba. Sauran ni na ƙara wa kaina. In kana son mutum, kada ka ba wani saƙon ya kai masa. Ɗan aike ake gani, shi ake gode wa.

Kuskure na biyu abin dariya ne, sai dai ni ban yi dariyar ba. Kana aji shida ka matsa wa Bulus sai ya nuna maka sheƙar gaggafa. Bai san inda take ba, ya zo ya tambaye ni. Na sani sarai, tana kan wata doguwar bishiyar maɗaci a dajin da ke bayan Gwashi, inda na yi kiwo. Amma na ce a raina, bari yaron nan ya ga malamin nasa ba komai ya sani ba. Sai na kwatanta masa wata kuka can gefen hanyar Bukkuyum, inda ko hankaka ba ya sheƙa. Kuka hau babur ɗinsa da sassafe. Na wuni ina taka keke ina murmushi, ina jiran ka dawo da fuska a murtuke.

Kuka dawo bayan la'asar kuna tura babur, taya ta fashe, ƙafafunku fari fat, kuna dariya kamar waɗanda suka sha wani abu. Ba ku ga gaggafa ba. Amma kun ga wani shaho mai cin maciji ya sauko gabanku ya ɗauke kububuwa, kun sha nono a ruga, kun raba rogo ɗaya. Mako guda ba ka da zance sai wannan tafiya. Ramin da na gina muku shi ya ƙara haɗa ku, hassada ga mai rabo taki ce. Kuma har yau ba ka ga sheƙar gaggafa ba, domin an sare bishiyar shekarar farin nan, masu itace suka kwashe ta. Da na kai ka da kaina, da ka gani.

Don haka a makarantar nan, in ka ga wani ya fi ka shiga ran malami, ko ya riga ka gano wani abu a daji, kada ka karkatar masa da hanya. Wahalar da ka sa shi labari za ta zame masa, kai kuma ka zauna da abin da ka ɓoye har ya ruɓe a hannunka.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Ka gyara zama.

Ka tuna mujiyar da ta shiga silin asibitin. Farar fuska, mai kuka kamar ana yage sabon yadi. Kai ka fara gano ta, da farin kashin da ke bango da dunƙulen gashin da take amayarwa. Kai da Bulus kuna tsince su kuna farfasawa da tsinke a kan benci, kuna jera ƙasusuwan ɓeraye. Da magariba ta gabato sai ku zauna a kan dakali kuna jiran fitowarta, kafaɗa da kafaɗa, ni kuma ina zaure ina kallon bayanku. Wata rana na ji ka ce masa "Baba Bulus". Allurar keke ta shige mini yatsa, ban ma ji zafin ba sai daga baya.

A bazarar nan baƙon dauro ya shigo gari, yara suka yi ta kwanciya. Ka san abin da mata ke cewa, wai in mujiya ta yi kuka a kan ɗaki jariri take kira. Aka fara ƙus-ƙus cewa baƙon nan yana kiwon mujiya a inda ake kai yara. Ran nan bayan la'asar majalisa ta cika a ƙofar zaurena, sai Ɗan'azumi mahauci ya juyo ya ce, "Garba, kai da kas san tsuntsaye, gaya muna gaskiya. Mujiyag ga ta asibiti, haka nan taz zaka, ko aje ta anka yi?"

Kowa ya juyo yana jirana. Ni na kwana da mujiya a rumbun kawuna tun ina yaro. Na san duhu take so da ɓera, kuma silin nan akwai duka biyu saboda buhunan masarar da Bulus ke ajiyewa. Kalma biyu sun isa su kashe zancen, don a kan tsuntsu ba mai musu da ni a unguwar nan. Na ɗaga ido na hango ku a dakali, yana gyara maka madubin a fuska. Sai na ji bakina ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin mujiya ta zamna inda ba a kira ta ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce shi maye ne ba, wasu suka ƙarasa mini. Magana zarar bunu ce. Kafin Juma'a mata sun daina kai yara asibiti. Samari suka tura hayaƙin barkono cikin silin da rana tsaka, ta faɗo tana makanta da haske, suka bi ta da jifa, suka zaƙulo 'ya'yanta suka haɗa. Ka shigo zaure da fiffikenta a hannu, idonka jajir, ka ce, "Baba, kai ka san ɓera kaɗai taka ci. Don mi ba ka hana su ba?" Na ci gaba da taka keke. Kai ka ɗauka shiru kawai na yi, kuma a kan shirun ma ka yi wata guda ba ka gaishe ni da murya ba.

A cikin kwanakin nan 'yar Ɗan'azumi ta rasu, ƙaramar, wadda ke zuwa tsintar ƙyalle a gindin kekena. Uwarta ta ƙi kai ta wurin Bulus. Rai na Allah ne, ban ce da an kai ta za ta tashi ba. Amma yaran da aka kai kafin maganata, da yawansu suna nan suna noma. Ni na yanka mata likkafani. Bulus ya zauna a asibiti ba kowa sai ƙudaje, daga baya ya nemi a mayar da shi Anka. Ranar da ya ɗaure kayansa a mota na yi zaton zan ji sanyi a raina. Ka tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace, sannan ka wuce ta gaban zaurena ba ka leƙo ba. Ɓeraye kuwa suka cinye mini rabin dawar shekarar, na kuwa san hakkin wa ne.

Ka ji wannan da kyau, domin aikin da za ka koya zai sa mutane su riƙa tambayarka abin da ba su sani ba, kuma su yarda da amsarka. Ranar da aka tambaye ka kana cikin fushi da wani, ka ce sai gobe. Ƙaryar jahili a majalisa take mutuwa. Ta wanda aka san ya sani kuwa shiga gidaje take, har ɗakin mata.

Watan jiya, da takardar makarantarka ta zo, na ce wa Innarka zan je Anka sayen zare. Ta dube ni ta ce zare ya ƙare a Gummi ke nan. Na sami Bulus a bayan asibitinsu yana wanke kwanonin aiki, ya tsufa shi ma, ya fara sa tabarau. Ya rungume ni, ya sa aka kawo mini fura. Na kasa sha. Na ce, "Bulus, maganar da ta tashe ka daga garinmu, daga bakina ta fito."

Ya ce, "Malam Garba, ai na sani. Ɗan'azumi ya zo ya faɗa mini da kansa, bayan rasuwar yarinyar, yana kuka."

Na ce, "To yaron fa? Duk zuwan da yake yi wurinka, ba ka gaya masa ba?"

Ya ce, "Yaro ya rasa mujiyarsa, ya rasa ni a gari. In kuma sa ya rasa ubansa? Da me zai zauna?"

Kana tsammani na ji daɗi? Wallahi a motar dawowa ji na yi kamar in fashe. Na je neman gafara, na dawo da kishin da ya fi wanda na tafi da shi. Ya fi ni madubi, ya fi ni littafi, ya fi ni sakin fuska, duk na haƙura. Ashe har gaisuwar da kake durƙusawa kana yi mini kowace safiya, shi ya bar mini ita. Shekarun nan duka ina zaune a idonka da mutuncin da Bulus ya ara mini.

Shi ya sa na rubuta. Innarka ta ce in bari, tunda Allah Ya rufa asiri kada in tona wa kaina. Na ce a'a. Na gwammace ka yi fushi da ni a kan abin da na aikata, da ka girmama ni da sadakar wani. In ka karanta ka ga ba za ka iya amsawa ba, kada ka amsa, zan gane. In ka ƙi ni, ka ƙi ubanka na gaskiya, wannan ko ba komai nawa ne, ba wanda ya ba ni aro.

Sauran 'yan shawarwari kaɗan ne. Ka riƙe salla a kan lokaci, ko kana tsakiyar daji. Dangin Bulus in sun karɓe ka ka zauna da su da amana, ka ci abin da ya halatta, ka yi musu aikin gida kamar ɗansu, don an ci amanar nasu a garinmu. An ce ƙasar duwatsu ce, to shaho a kan dutse yake sheƙa, ka dubi inda farin kashi ya zubo a jikin dutsen, kuma ka sa rana a bayanka in kana kallo. Kada ka hau wurin sheƙa uwar tana kusa, za ta iya tsaga maka fatar kai. In ka ga mutane sun taru za su jefi mujiya, ka yi magana, ko kai kaɗai ne. Akwai rigar sanyi a saman takardar nan, na yi mata shafi biyu, ka sa ta ko abokai sun yi maka dariya.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga maciji da miyagun abokai, Ya buɗe maka karatu, Ya haɗa ka da masu riƙe ka da gaskiya. Allah Ya jiƙan yarinyar nan, Ya yafe mini. Allah Ya saka wa Bulus da alheri, na faɗa kuma da zuciya ɗaya na faɗa, ko da yake sai da na ajiye alƙalami na sha ruwa. Allah Ya dawo mana da kai lafiya, amin.

In an ba ku hutu, motar da za ta ɗauko ka daga Gusau a Anka za ta fara tsayawa kafin ta iso Gummi. Ka sauka ka gaishe shi, ya cancanta, ka ba shi labarin duk abin da ka gani, ka ci abincin gidansa. Amma don Allah kada ka kwana can. Ka nemi motar yamma. Ko ba za ka yi mini magana ba, ka zo ka yi shirun a gidana.

Ni ne mahaifinka,
Garba tela.